Katifar da Ba ta Zufa

Mijin Yayata, tun yana faci a bakin titi ake ce masa Na-Sani, don ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka buɗe baki ka ce, "Ashe jiya..." sai ya tare ka da "Na sani." In ka tambaye shi me ya sani, ya ce ai kai ma ka sani. Shi dai sunan da ya raɗa wa kansa Injiniyan Iska, wai don shekara goma sha biyu ya yi yana hura tayoyi, kuma ko sau ɗaya iska ba ta taɓa yi masa gardama ba.

Ni ce ƙanwar matarsa. Gidan haya ɗaya muke, bene ne, su a sama ni a ƙasa, ga shagona na ƙanƙara da ruwan sanyi a bakin ƙofa. Don haka abin da zan faɗa muku ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi.

Babanmu ne ya zo a yi masa aikin yanar ido. Wata shida muka yi muna roƙonsa kafin ya yarda. Likita ya sa ranar Litinin, shi kuma ya iso ranar Alhamis da jakarsa da hularsa a cikin kwali. Tsohon direban bas ne, mai tsafta har ta yi yawa, wanda ko hankicinsa sai an goge. Abu biyu yake ji da su a duniya: mutuncinsa da shayinsa.

Yaya ta riga ta gyara masa falo. Na-Sani ya ce atafau.

"Surukina guda a falo, yara na tsallake shi? Allah ya kiyaye! Ku biyo ni sama ku ga ci gaba."

Muka bi shi saman bene, inda ake shanya. Ashe ya je gwanjo ya sayo tanti mai ruwan lemo da wata shuɗiyar katifar iska, ya kafa su a kan tsurar siminti. Har allo ya rubuta da fenti ya jingina da tankin ruwa: MASAUKIN SAMA. Shirinsa shi ne, nan da wata uku tanti goma za su jeru a wurin, duk wanda ya yi baƙi a unguwa ya kawo su a kwantar masa. Baba ne baƙon farko, shi ne kuma tallar.

Ya kira shaidu. Mai-aski ya baro wani da rabin kai a kujera ya hayo. Uwar 'Yan-biyu, maƙwabciyarmu da ba a yin komai a gidan nan sai da idonta, ita ba sai an kira ta ba. Na-Sani ya ɗora ƙafa a kan famfon hura iska yana takawa yana jawabi, katifa na kumbura.

Yaya ta hawo da tabarma da bargo. "Bari a shimfiɗa tabarmar a ƙasa, bargon kuma a kai."

"Tabarma? A ƙarƙashin fasaha? Mayar da kayanki, kada ki ɓata mini tsari. Zanin gado ɗaya ya isa."

Na ce, "Injiniya, simintin nan fa da asuba sanyi yake yi kamar cikin firizata."

"Na sani."

"Kuma in abu mai sanyi ya haɗu da ɗumin jiki..."

"Ke 'yar ƙanƙara, ruwa ne fanninki, iska kuwa a bar wa masu ita." Ya juya ga jama'a ya daki katifar da tafin hannu. "Ku saurara da kyau. Wannan katifa ba ta shan ruwa, ba ta ba da ruwa, ba ta zufa. Duk wanda ya kwana a kanta ya tashi ya ga jiƙa, to kada ya je neman mai laifi da nisa!"

Aka kwashe da dariya. Baba ma ya yi dariya, har da cewa Allah ya yi albarka. Ya sha shayinsa kofi biyu bayan isha'i ya shiga tanti.

Washegari da sassafe na fito buɗe shago, sai na ga mutum durƙushe a gindin famfo yana wanki. Baba ne, yana cuɗa wandonsa da zanin gado, yana waige-waige. Baban da tun da muka yi wayo bai taɓa wanke ko safa ba.

"Baba, kawo in wanke mana."

"Bar shi, Auta. Motsa jiki nake yi."

Yaya ta kawo masa shayi, ya ce ba ya sha. Muka kalli juna. Rabon Baba da ƙin shayi tun ranar da aka cire masa haƙori.

Na-Sani kuwa ya hau sama ya shafa katifa ya ji ta sharkaf. Maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya sauko kai tsaye shagon Mai-aski, ya ja shi gefe, ya yi masa raɗa irin tasa, wadda ake ji daga tsallaken titi.

"Akwai wani dattijo, ba zan faɗi sunansa ba, da ya sami 'yar matsalar dare. Ka san wani magani?"

Dattijo ɗaya ne a gidanmu kaf. Kafin azahar Uwar 'Yan-biyu ta sallama wa Yaya da wata ledar shimfiɗa a naɗe a hammata, wai wadda ta raini tagwayenta da ita ce, har yanzu da sauran ƙarfinta. "Ba komai ba ne, 'yar'uwa, tsufa ne. Kowa ya daɗe zai gani." Yaya ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Da dare muna cin abinci, Na-Sani ya gyara murya.

"Baba, a ilimin zamani, in mutum ya manyanta ana rage ruwa daga la'asar. Musamman shayi."

Baba ya ajiye cokali. Bai ƙara kai loma ba. Ni kuwa da ido yana duka, da Na-Sani ya kwana a asibiti.

Bai tsaya nan ba. Ya karɓi ledar Uwar 'Yan-biyu ya lulluɓe katifar da ita, wai don kare jari. Sannan ya zuge tagogin tantin duka biyu, ya ce raɓa ce ke ƙara wa tsoho sanyin mara. Ya rufe Baba ruf, babu ta inda numfashi zai fita.

Ranar Asabar da safe Baba ya shigo shagona ya zauna a kan akwatin kwalabe. Leɓensa ya bushe, don tun jiya da rana bai sa ruwa a baki ba. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Auta, gobe da safe zan koma gida."

"Baba, jibi ne fa aikin!"

"A bar aikin. Gara in makance a ɗakina da in tozarta a gidan suruki."

Na san halinsa, in ya hau motar nan ba zai sake dawowa ba, kuma likita ya riga ya ce idon dama ba zai jira wata shekara ba.

Maganar ba irin wadda 'ya ke yi da uba ba ce, amma na daure. Ina kallon ƙasa na ce, "Baba, jiƙar... daga ina zuwa ina take?"

Shi ma ya kalli ƙasa. "Yau har kafaɗa. Har ƙeya, Auta. Ban sha komai ba, amma abin ƙaruwa ya yi."

"To Baba, don Allah, wa ya taɓa yin abin nan ya hau sama har ƙeya?"

Na buɗe firiza na ciro kwalbar ruwa na dangwara a gabansa. Kafin minti biyu ta fara tsattsafo da gumi, yana gangarowa kan tebur.

"Kwalbar nan a rufe take, ba ta yoyo. Ita sanyi, iskar shagon nan ɗumi, shi ke nan sai ruwa. Haka katifar take. Siminti ya sanyaya iskar cikinta, ku kuma kun kwanta da ɗumin jikinku, ga numfashi ya rasa hanyar fita. Shekara takwas ina goge irin wannan ruwan a teburin nan."

Baba ya shafa kwalbar ya dubi yatsunsa. Na ga kamar zai yarda, sai ya girgiza kai.

"Allah ya yi miki albarka, lallashina kike yi. Mai katifa ya ce ba ta zufa. A gaban mutane ya faɗa."

Nan na gane kwalba ba za ta wanke Baba ba. Abin da aka ɓata a gaban mutane, sai a gaban mutane ake gyara shi. Na rufe shago na nufi wurin Mai-aski, inda Na-Sani ke zaune kan benci yana koya wa masu jiran aski yadda jirgin sama ke tashi.

Na ce da ƙarfi, "Mai-aski, ashe ka fasa kai baƙinka Masaukin Sama?"

Mai-aski mutum ne mai saurin ɗaukar haske. Ya kalle ni ta madubi ya ce, "To, ai ni ban taɓa ganin mai masaukin ya kwana a ciki ba. Kin san wanzami ba ya son jarfa."

Na-Sani ya miƙe tsaye. "Ni? Ni ne zan ji tsoron katifata?"

"Wa ya ce tsoro?" in ji ni. "Cewa ake yi kana da nauyin barci, kada a je a samu matsala."

"Yau a ciki zan kwana! Da fararen kaya! Gobe ƙarfe bakwai kowa ya hawo ya shafa ya ji. In kun sami ɗigon ruwa ɗaya, ku canza mini suna!"

"Wane suna kake so?" in ji wani da ake yi wa gyaran fuska.

"Na sa... ku dai ku zo!"

Da magariba ya fara shiri, kuma a nan ne ya nuna shi injiniya ne. Ya ce tunda maƙiya sun sa ido, ba zai bar ƙofar da wani zai watsa masa ruwa ba. Ya liƙe tagogin da salatif. Ya yafa wa tantin wata babbar leda ta rufin kaya, ya danne gefunanta da bulo. Yaya ta ce zai ji sanyi, ko ta kawo bargo? Ya ce bargo na mutanen da ne, shi na'urar ɗumama ɗaki zai haɗa. Na'urar ita ce bokiti biyu na tafasasshen ruwa, a buɗe, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, suna ta tururi.

Na tsaya ina kallo. Wallahi zuciyata ta ce in yi masa magana, amma na tuna leɓen Baba, sai na ce, "Injiniya, bokiti biyu za su isa kuwa?"

Ya ƙara na uku.

Ya shiga da farar riga da farin wando, sababbi fil, ya sa Mai-aski ya liƙe zif ɗin ƙofa da salatif ta waje, ya kuma sa hannu a kai da biro don kada a ce an buɗe. Baba kuwa a falo ya kwana a kan kujera, a zaune, jakarsa a ɗaure a gefensa.

Ranar Lahadi ƙarfe bakwai saura, saman bene ya cika. Har waɗanda ba gidanmu suke ba sun zo, wasu da buroshi a baki. Uwar 'Yan-biyu ta taho da kujerarta. Ni kuma na tare Baba a matakala, ya rataya jaka zai tafi tasha.

"Baba, ku hau ku yi sallama da surukinku mana. Ba kyau a tafi haka."

Ya juya ya hau, don Baba ba ya wasa da ladabi.

Daga cikin tanti aka ji murya, ƙasa-ƙasa, ba irin ta jiya ba. "Mai-aski? Ka ce wa mutane su dawo da rana. Ina wani nazari."

"Ai ƙarfe bakwai ka ce."

"Na sani. Agogonku na gudu."

"Fito dai, Injiniya," in ji Uwar 'Yan-biyu. "Na bar wanki a jiƙe na zo."

"Ba ke kaɗai ba," in ji wani daga baya.

Mai-aski ya duba sa hannunsa, ya nuna wa jama'a ba a taɓa ba, ya sa reza ya yanke salatif. Yana zuge ƙofa wani gumi mai warin roba ya bugo mu. Rufin tantin ta ciki duk ɗigo ne rataye, girgizar zif ɗin ta sa suka zubo gaba ɗaya, shaaa. Ga Injiniyan Iska a kwance ɗai-ɗai a kan leda, ya ƙi motsi, ya manne bayansa da katifa.

"Tashi mana."

"Ina hutawa."

Mutum biyu suka kama hannayensa suka ɗaga. Ledar ta biyo bayansa, sannan ta saki da wata ƙara, ɓalaƙ. Ya fito da rarrafe ya miƙe, yana ja da baya don kada a ga bayansa, har ya jingina da tankin ruwa. Amma saman bene ba shi da lungu, kuma yaran maƙwabta suna kan katanga ta baya.

"Ya jiƙe! Har wando!"

Daga ƙeya har dunduniya farar rigar nan ta manne masa, ana ganin singileti. Gashin kansa na ɗiga. Sai Uwar 'Yan-biyu ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ashe abin na gida ne."

"Ruwan sama aka yi!" in ji Na-Sani.

Kowa ya dubi siminti. A bushe yake ƙayau, ga shanyar jiya ma a igiya ta bushe.

"To wani ne ya watsa mini!"

"Ta ina?" in ji Mai-aski. "Ga sa hannuna."

"Bokiti ne ya zube!"

Yaya ta leƙa ta ce, "Ga su nan su uku a tsaye, Maigida. Sun dai ragu kaɗan."

"Zufa ce! Ni mutum ne mai zufa!"

Na ɗaga gefen katifar, ƙasanta ma ruwa ne kwance. Na ce, "Har ta ƙarƙashi ka yi zufar, Injiniya? Kai, amma ka iya."

Sai aka ji an ajiye jaka a ƙasa. Jama'a suka buɗa wa Baba hanya. Ya tako a hankali, ya durƙusa, ya shafa katifar, ya shafa rufin tanti, ya kai yatsunsa hanci ya shinshina. Ya zagaya bayan surukinsa ya kawo fuskarsa kusa, saboda idon, ya bi jiƙar da kallo tun daga wando har wuya.

"Har ƙeya," ya ce a hankali. Ya waiwayo ya dube ni. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa, na ɗauka kuka zai yi, ashe dariya ce yake dannewa.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗana."

"Na'am, Baba."

"Ranar Alhamis ka yi mana wani karatu a nan. Ka ce katifar nan ba ta shan ruwa, ba ta ba da ruwa, ba ta me?"

"...Zufa."

"Ka ce wanda ya tashi ya ga jiƙa, kada ya yi me?"

Jama'a suka amsa masa baki ɗaya: "Kada ya je neman mai laifi da nisa!"

"Madalla. To yanzu ɗayan biyu ne, kuma kai ne masani. Ko katifa ce, ko kai ne. Faɗa mana mu ƙaru."

Ban taɓa ganin mutum a tsaka mai wuya irin wannan ba. In ya ce katifa ce, ya yarda bai sani ba, abin da bai taɓa fita bakinsa ba tun da aka haife shi. In ya ce shi ne, to ya san sunan da za a canza masa. Ya dubi katifa, ya dubi jama'a, ya dubi allon MASAUKIN SAMA. Wallahi sai da ya yi kusan minti guda yana auna wanne ya fi sauƙi.

"Katifa ce," ya ce, kamar mai haɗiye ƙaya.

"Ba mu ji ba," in ji Uwar 'Yan-biyu.

"Katifa ce! Katifa ce ke zufa! Dama na sa..."

"Kul!" in ji Yaya. Ya haɗiye sauran.

Ya tako ya zube a kan katifar da dukan nauyinsa. Ashe akwai wani tsohon faci da ya yi mata da robar taya, danshin kwana uku ya ɗaga gam ɗin. Facin ya ɓalle, iskar shekara goma sha biyu ta yi masa gardamar farko, ta fita da wata doguwar ƙara marar ladabi, tana ja tana sakewa, shi kuma yana nutsewa a hankali har ɗuwawunsa ya taɓa siminti.

Uwar 'Yan-biyu ta jira ƙarar ta ƙare tsaf, sannan ta ce, "To wannan kuma fa, katifa ce ko kai ne?"

Mai-aski sai da aka riƙe shi, don saura kaɗan ya faɗo daga bene. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Baba ya share hawayen dariya da gogaggen hankicinsa. Ya ɗaga ledar 'yan-biyu da yatsa biyu, ya kakkaɓe, ya ninke ta huɗu yadda yake ninke komai, ya ɗora wa surukinsa a cinya.

"Riƙe, ɗana. Ba komai ba ne. Kowa ya daɗe zai gani."

Sannan ya miƙa mini jakarsa ya ce in kai falo in kwance, a goge masa rigar da zai sa gobe zuwa asibiti. Ya juya wurin Yaya.

"Ke kuma ɗora ruwa. Babban kofin nan nake so, ki cika shi har baki. Shi kuwa mijinki a ba shi rabi, kuma daga la'asar kada a ƙara masa."